Kwamfuta a Jujin Fata

Ranar da Badi'a ta fara aiki a wata masana'antar jimar fata da ke Challawa, a shekarar 2007, wari ne ya fara yi mata maraba tun daga bakin get. Ta toshe hanci da mayafi ta bi maigadi har ɗakin kwamfuta, tana fatan a can za ta samu sauƙi. Ina!

Wani saurayi ta tarar a gaban saba, babbar kwamfutar da ke fitar da takardun kayan da kamfanin ke turawa waje. Hannunsa ɗaya na cikin ledar awara, ɗayan na kan kibod ɗin da maiƙo ya sa yake ƙyalli. A ƙarƙashin tebur ga wata tsohuwar kwamfuta, kyankyasai na leƙowa ta ramukanta.

"Ke ce sabuwar injiniyarmu? Sunana Ashafa. Bismillah, ga awara."

"Na ƙoshi," ta ce.

Ya yi murmushi. Haushi ya kama ta, don murmushin ya fi ƙarfin ɗakin.

Cikin sabar ma juji ne: shiri_sabo, shiri_sabo2, shiri_na_gaske, kar_a_goge. Ta ba shi shawarar su koma Subversion, ma'ajiyar da ke riƙe kowane gyaran da aka yi wa shiri, ko da an ɓata a iya dawo da shi. Ya yi dariya ya ce kansa ne ma'ajiyarsa. Badi'a ba mai musu ba ce. Ta karkaɗe tsohuwar kwamfutar nan da tsinken tsintsiya, ta kafa ma'ajiyar a cikinta. Kullum kafin ta tashi sai ta buga svn commit, gyaran ranar ya shiga ma'ajiyar. Bai taɓa tambayar inda abin ke zuwa ba, ita ma kunya ba ta bar ta ta faɗa ba.

Shi ya koya mata df -h don ganin filin da ya rage a na'ura, da tail -f don kallon matsala tana faruwa. Ita kuma karatu ɗaya take maimaita masa: "Kafin ka goge komai, buga hostname ka ga a wace na'ura kake."

"To, Malama."

A hankali saƙonni suka fara.

"Gimbiyata, na buga df -h a zuciyata, babu sauran fili. Ke kin cinye."

Ta amsa: "Ka wanke hannu kuwa kafin ka rubuto?"

"Da omo ma, Gimbiya."

Da ya je Panshekara gaishe da mahaifinta, Malam Idrisu, sai da aka shanya tabarmar zauren bayan tafiyarsa. "Yaron yana da ladabi," in ji Malam Idrisu, "amma ban da aikin nan nasa ban ga abin da ya riƙe ba, kuma aikin ne ke bin sa da wari. Ki duba Lawan mana, ɗan aminina. Ko ta layi ya wuce sai an san ya wuce."

Lawan kam akwai turare da shadda da mota.

Maganar tabarma ta koma kunnen Ashafa. Ya tambaye ta ko gaskiya ne, a daidai lokacin da kyankyaso ya bi ta kan ƙafarta. Ta zabura ta ce, "Wallahi komai na ɗakin nan ƙyama yake ba ni!" Ya ɗauka har da shi. Ranar bai turo saƙo ba.

Ran Asabar ya zo da bokiti da tsumma. Ya wanke ɗakin tas, ya goge kibod, ya ɗauki tsohuwar kwamfutar ya kai ta jujin bayan masana'anta. Sannan ya zauna zai share jujin fayiloli a tasa kwamfutar. Baƙaƙen tagogin buga umarni biyu ne a fuskar kwamfutar iri ɗaya, ɗaya tasa, ɗaya ta saba. Ya buga rm -rf, umarnin gogewa, bai duba ba.

Badi'a na cikin motar Lawan, ita da mahaifinta, suna dawowa daga suna a Kumbotso, saƙo ya shigo.

"Na kashe kaina, Badi'a. Na goge shirin gaba ɗaya, ashe a saba nake. Litinin za a yi lodi, babu takarda, kora ce kawai. Don ke na yi sharar."

In aikin ya tafi, abu ɗayan da Baba ya gani a wurinsa ya tafi. Ta rubuta da sauri: "Kwantar da hankalinka. Komai na cikin tsohuwar kwamfutar ƙarƙashin tebur."

Can sai ga amsa: "Tana juji."

"Baba, don Allah ku yi haƙuri a biya da ni Challawa."

Jujin ba a kallonsa sau biyu. Yankakkiyar fata, kitse mai narkewa a rana, gashi, baƙin ruwa, tsutsa na motsi, ƙudaje kamar ana kiransu. Tun safe ma'aikata sun ƙara juye baro-baro a kai. Ashafa na tsakiya da shebur, ya rasa ta inda ya jefa kwamfutar.

Lawan ya ɗage gilashi. "Ni dai ina nan, Baba. Shaddar nan jiya aka karɓo ta."

Malam Idrisu ya fito ya tsaya nesa, hannu a hanci. Yana kallo 'yarsa ta ari takalmin roba wurin maigadi, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta shiga.

"Fita, Gimbiya! Wannan ba wurinki ba ne!"

"Da ka buga hostname ai da ba na nan. Ta ina ka tsaya da ka jefa?"

Ta yi amai sau ɗaya, ta share baki da gefen hannu, ta koma. Ƙafarta ce ta taki ƙarfe. Suka jawo kwamfutar tare, tana ɗigar abin da ba shi da suna. Ashafa ya kwance ta, ya zaro faifan ciki. A bushe yake. Suka koma ɗakin suka haɗa shi da kwamfutarsa, Badi'a ta buga svn checkout da yatsa ɗaya don dawo da shirin. Sunayen fayiloli suka fara gangarowa, har gyaran Juma'a.

Ashafa ya zauna a ƙasa. "Ban da ni a cikin abin ƙyamar?"

"Har da kai," ta ce, kanta a sunkuye. "Amma ga ni."

Da suka fito, Lawan ya sauke gilashi kaɗan, hankici a hanci. "Baba, ku shigo. Ita kam sai dai a tsayar mata da acaɓa, kujerun nan sababbi ne."

Malam Idrisu ya yamutsa fuska fiye da yadda ya yi a bakin jujin.

"Jeka, Lawan, ka gaida mahaifinka. Za mu hau acaɓar."

Ya juya ya dubi Badi'a. "Yarinyar da ko tumbin layya ba ta iya wankewa, sai ta ce kanta na ciwo." Ya girgiza kai, ya dubi Ashafa. "Ka turo magabatanka. Amma ka yi wanka tukuna, kuma kar ka yi rowar sabulu."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Panshekara, a kan tabarmar nan da aka taɓa shanyawa. Kafin nan amarya ta mayar da rubutun tagar saba ja wur, yadda ko da barci a idonsa ango ba zai sake rikita ta da tasa ba, ta kuma haramta wa awara shiga ɗakin.

Da za a kai ta, Malam Idrisu ya dafa kanta ya ce, "Wanda kika shiga juji dominsa, Allah Ya sa ya riƙe ki da tsabtar zuciya. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi.