Ranar Da Na Ba Hamidu Ƙeya

"Ramatu, ɗago ki dube ni. Ko sau guda."

Hamidu ne, mijina, tsaye bakin zauren gidanmu na Illela, ya baro kamun kifi a Kalmalo. Ni ko na ja mayafi na ba shi ƙeya. Cikin fari gare ni, wata bakwai, an maido ni gida goyon ciki. Ɗiyar mutunci ba ta kallon miji gaban iyaye da ciki turtsetse. Haka anka koya min, ni kuma ba daƙiƙiya ba ce.

Tun cikin na wata ukku ciwon kai ya kama ni. Amai da sahe, mutum guda in gan shi biyu. Ban gaya ma kowa ba, don faɗin ciwo faɗin ciki ne. Sai da na faɗi bakin rijiya anka aza ni bisa jaki sai Ƙonni, wurin likitan Nasara. Kawu Dabo ya raka mu. Tun da ya taɓa riƙe ma wani Bature doki yake shiga gona da takalmi. Gaban likita Nasarancin nashi a gaisuwa ya ƙare, wani soja ya fassara. Likita ya ce ƙari ne cikin kai, yana danne ido, kuma wuƙarshi ba ta kai can. Ya ba ni garin rage zafi. Ya ce abin da nike son gani, in gan shi yanzu.

Kawu ya hana a gaya ma surukai, kar a ce mun ba su mai aibi. Mai jakin ya gaya ma kasuwa duka.

Labarin shi ya kawo Hamidu ran nan.

"Mi mutane za su ce?" na tambayi bango.

"Su ce, abar raina... Ke dai juyo."

Inna ta yi gyaran murya. Na bi gyaran muryar.

Kwana tara bayan nan duhu ya rufe ni, rana tsaka, ina tsince wake.

Na haihu namiji. Ran suna Kawu ya cika zaure da yabon tarbiyyata. Bayan arba'in na koma ɗakina, Hamidu ya kama hannuna ya bi da shi fuskar yaron, sannan tashi fuskar. Ya rame.

Na tambaye shi wace riga ya sa ran da ya zo zaure.

Ya ce:

"Wadda kinka kaɗa ma zare. Ran nan na amso ta wurin maɗinki. Na ce bari ke ki fara gani."