Da Hannu Ɗaya

Da hantsi aka kira Sufeto. Mota ta kife a gangaren gada, tirelar da take ja ta yi gefe da kwalekwale a kanta, masuncin da ke tuƙi ya rasu nan take.

"Wallahi ba gudu yake ba," in ji mai facin bakin hanya. "Tirelar ce ta kama rawa, dama, hagu, har ta fizge motar."

Sufeto ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta. Ko'ina tsatsa, sai wuri ɗaya fes, inda ƙarfen tayoyin ya daɗe a zaune. An kwance shi an matso da shi gaba, ga notika suna ƙyalli. Ya san tirela: muddin wuyanta bai danne bayan mota da nauyi ba, sai ta yi rawa.

A gidan makoki ƙanin mamacin ne ya tarbe shi, idanu jajur.

"Wa ya taɓa tayoyin tirelar nan?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Haka Yaya ya saye ta."

Ƙarya tsagwaronta, amma Sufeto ya ƙyale shi, ya nemi ganin matar mamacin.

"Ciwon baya ya hana shi sakat," ta ce, murya a dishe. "Kullum in zai ɗaga wuyan tirelar ya maƙala wa mota sai ya yi ƙwalla. Amma jiya dariya yake ta yi: 'Maman yara, duba, da hannu ɗaya!' Wai wani ɗan albarka ya yi masa gyara a ɓoye."

"Wane ne?"

"Bai faɗa ba." Ta kau da kai.

Sufeto ya waiwaya. Ƙanin na bakin ƙofa, hannu a bayansa.

"Mu ga hannun."

Yatsun duk ƙujewar sifana. Sai ya zube ƙasa.

"Ni ne! Shi ya raine ni, Sufeto, na gaji da jin nishinsa. Na ce in na matso da tayoyin gaba wuyan zai yi sauƙi. Sauƙi fa na so masa!"

Sufeto bai taɓa tsanar aikinsa kamar ranar ba. Ko ankwa bai ciro ba, kafaɗarsa kawai ya dafa.

Za su fita, ƙanin ya tsaya a gaban matar.

"Yaya ya san ni ne?"

Ta daɗe tana kallon hannun nasa.

"Ya sani. Ya ce in ka shigo in ce maka ya gode."