Ƙafar da Na Taka

"Don Allah, masoyi, yau dai kada ka yi wa kowa bayani," na ce masa a mota, tun kafin mu sha kwanar gidanmu. "Ka ci abinci, ka yi murmushi, mu tafi."

Ya gyara zaman tabaraunsa da ɗan yatsa, ya ce to. Kullum to yake cewa.

Kamus ake kiran mijina a gidanmu. Yaya ne ya laƙaba masa sunan ranar da ya fara zuwa gaishe da Baba. Fankar falo ce ta yi ƙara, shi kuma bawan Allah ya kwashe minti ashirin yana bayanin abin da ke sa fanka ƙara. Sai da ƙannena suka gudu kicin suka yi dariya har da hawaye. Yaya ya ja ni gefe ya tambaye ni ko miji nake nema ko laburare.

Ni kuwa abin da ya sa na so shi ke nan. Ranar da ruwa ya tsare mu a tashar bas, bai yabi idona ba, bai nemi lambata ba, sai ya hau gaya mini dalilin da ya sa ƙasa take ƙamshi idan aka yi ruwan farko. Ina kallon bakinsa har bas biyu suka wuce ni. Mutum ne da ko takardar cikin kwalin magani ba ya yarwa sai ya karanta ta tas.

Amma dariyar 'yan uwa tana da ciwo, ni kuma ban iya jure ta ba. Sai na ƙirƙiro dabara. Duk lokacin da ya ɗauko bayani a teburin cin abinci, sai in ɗora ƙafata a kan tasa in danna, nan take ya haɗiye sauran maganar. Shekara huɗu muna haka, har na fara yaba wa kaina wai na gyara miji.

Ranar da na yi masa wannan roƙon a mota, muna tsakiyar cin abinci cokali ya suɓuce daga hannun Baba. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Ya buɗe baki zai mayar da abin wasa, maganar ta fito a cakuɗe kamar ta mai magagin barci. Can ya ware, ya yi dariya, ya ce gajiya ce.

Kowa ya koma kan farantinsa, ban da mijina.

"Baba, ɗaga hannuwanka biyu in gani... ɗazu gefen bakinka ya karkace. Akwai abin da ke faruwa idan jini ya..."

"To fa, an buɗe Kamus," in ji Yaya. "Shafi na nawa?"

Tebur ya ɗauki dariya, har Baba ya murmusa. Kunya ta lulluɓe ni, na danna ƙafarsa. Wannan karon bai yi shiru ba, ya ce asibiti ya kamata a je yanzu-yanzu. Sai na sake dannawa da dunduniyata, iya ƙarfina. Ya juyo ya dube ni, na yi masa kallon ka rufa mini asiri. Ya sunkuyar da kai.

A hanyar komawa ya sake tayar da zancen. Na ce masa shi ba likita ba ne, ya daina kunyata ni a gaban dangina. Ya ce to.

Kwana biyu tsakani Baba ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ta tambaya ko an ga wata alama kafin nan. Da Mama ta ba ta labarin cokalin, ta rufe fayil a hankali, ta ce da an kawo shi a ranar, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

Babu wanda ya kalle ni. Babu wanda ya san abin da ya faru a ƙarƙashin tebur, kuma har yau mijina bai gaya wa kowa ba.

Shekara biyu ke nan, zamani ma ya juya, yanzu irin mijina ake rububi. Yaya da bakinsa yake gaya wa abokan aikinsa cewa mijin ƙanwarsa ƙwaƙwalwa ce zalla, ko waya zai saya sai ya kira shi. Ƙanwata da ta fi kowa dariya a kicin ta sayi tabarau alhali idonta garau, ta kuma rantse ba za ta auri kowa ba sai mai aikin kwamfuta irinsa. Sunan Kamus yana nan, sai dai yanzu da ladabi ake faɗinsa. Abin yana ci mini rai, don ni na riga su ganin darajarsa, ni kuma na fi su cutar da shi.

Shi kuwa amsarsa ba ta wuce kalma uku, a waje da gida. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai rage ni da komai ba, ya dai daina yi mini bayani. Ranar da aka yi ruwan farko na bana na tsaya a bakin taga na ce, "Nawa, me ya sa ƙasa take ƙamshi haka?"

"Na manta," ya ce.

Duk Asabar shi yake zuwa ya yi wa Baba aski da gyaran fuska. Asabar ɗin da ta wuce ina tafe da shayi sai na jiyo murya daga ɗakin Baba. Muryarsa ce ta da, mai sauri, mai tuntuɓe da kanta don ɗoki. Fankar Baba ce take ƙara, yana yi masa bayani tiryan-tiryan. Na leƙa. Baba ya riƙe wuyan hannun mijina da hannunsa mai lafiya, ya zuba masa ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

Na daɗe a tsaye, hawaye na ɗiga a kan tire. Wallahi na yi kewar muryar nan kamar raina zai fita. Na lallaɓa na shiga, na zauna a bakin gado kusa da kujerar mijina. Maganar ta yanke a tsakiyar kalma.

"Ci gaba, masoyi... don Allah. Ina so in ji ƙarshensa."

Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, ya ce to. Na jira. Fanka tana ta ƙararta a samanmu. Da na sunkuyar da kai don in share ido, sai na ga ya janye ƙafafunsa duka biyu, ya cusa su can ƙarƙashin kujera.