Ƙoƙon da Ya Nutse a Zauren Saje Manzo

Zalika na sharar zaure, tana kewaye ɗan teburin nan kamar mai kewaye sabon kabari. A kansa allon eshek ne, darar Turawa mai gidaje baƙi da fari, kuma a gidan Saje Manzo na Belbeji wanda ya fasa randa ya fi wanda ya taɓa allon samun gafara.

"Ki haɗa da shi mana!" in ji Inna Kaltuma daga tsakar gida. "Ki ture shi da tsintsiya, mu ce akuya ce."

"Haba Inna! Akuyar da ko tsayuwa ba ta iyawa?"

Shekarar 1984 ce, wadda damina ta leƙo Damargu ta koma. Gero ya ƙone tun yana ƙarami, makiyaya suna ta wucewa kudu da abin da ya rage masu, ungulaye kuwa sun yi ƙibar da babu wanda ya yi masu murna.

Saje Manzo tsohon soja ne. Daga yaƙin Faransawa ya dawo da ɗingishi da wannan allo. Ba a taɓa cin sa ba a duk Damargu, ko da yake masu iya wasan a Damargu ba su cika tabarma ɗaya ba. Da Hamidu, likitan dabbobi na Tanut, ya turo manyansa neman auren Zalika, 'yar Saje, sai Saje ya ce, "Na ji an ce yaron ya iya eshek. Mu buga. In ya ci ni, ya ɗauki matarsa. In na ci shi, ya nemi wata."

Hamidu ya ce, "Dakor, na yarda!" Ya tambayi wa zai riƙe fararen 'ya'yan allo. Ya tambaya ko wanda ya taɓa ɗa dole ya taka shi. Ya tambayi komai, kamar mai ilimi, in ban da abu ɗaya: tsawon lokacin da mutum zai iya ɗauka kafin ya taka.

Aka kafa allo biyu, ɗaya a Tanut, ɗaya a Belbeji. Jibrin direban kamyo, babbar motar kaya, wanda a cikin 'ya'yan allo bai san doki daga wawa ba, shi ke ɗauko takun wannan a baki ya kai wa wancan duk ranar kasuwa. Wasa ya tafi lafiya har lokacin sanyi, sa'ad da sarauniyar Hamidu da dokinsa suka matse sarkin Saje a kusurwa. Tun daga ranar saƙon Saje bai sake canzawa ba: "Ka ce masa ina tunani."

Ya yi tunani sanyi ya wuce. Ya yi tunani bazara ta wuce. Ga shi har damina ta ƙare yana tunani.

Zalika ba ta ajiye tsintsiya ba sai ga kamyon Jibrin ya tsaya a ƙofar gida. Ya leƙo, ya ga Saje ba ya nan, ya sassauta murya.

"Inna, labari babu daɗi. An yi wa Likita canjin wurin aiki, Ngigmi, bayan Sallah. Kuma tsohuwarsa Tata ta rantse ba zai tafi gwauro ba. Ta ce ta gaji da surukar katako, allon nan take nufi. Akwai 'yar ƙanenta a Gangara, har an fara ɗinki."

"Innalillahi!" Kaltuma ta dafe ƙirji.

"Amma akwai dabara," in ji Jibrin. "Saƙon nan a bakina yake. In je in ce Saje ya taka kaza, Likita ya kashe sarki, a shafa fatiha. Wa ya ji, wa ya gani?"

Zalika ta dube shi, hawaye na bin kumatunta. "Yaya Jibrin, kana so in shiga ɗakin aure ta ƙofar ƙarya? Kullum na durƙusa gaban Baba in riƙa tuna mun yi masa sata?"

"To ki zauna ki auri allo!"

"Ka ce wa Hamidu ya zo da ƙafarsa. Ka ce in ji ni, ya baro fushi a Tanut."

Da rana, da ta kai wa mahaifinta fura, wadda ruwa ya fi gero yawa a cikinta, ta durƙusa ta ce, "Baba, yaushe za ka taka?"

Saje bai ɗago ba. "An yanka mani lokaci ne?"

"A'a, Baba."

"To, ina tunani."

Ba tunani yake ba, ya gama tuntuni. 'Ya'yansa maza sun tafi Kano cin rani, ranin ya ƙi ƙarewa. Shanunsa suna kwance matattu a kwarin Tarka. Abu biyu suka rage masa, sunan wanda ba a taɓa ci ba da 'yar da ke kawo masa fura, kuma taku ɗaya zai raba shi da su duka.

Kasuwa na zagayowa Hamidu ya sauko daga kamyo. A hanya ya ga abin da likitan dabbobi ba ya son gani, mushe a kowane gefe, kuma ya daina ƙirgawa tun kafin rabin tafiya. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin zaure. Maƙwabta suka taru, don a shekarar abin kallo ma ya yi tsada.

"Baba, ban zo ƙara ba," in ji shi. "Kuskuren nawa ne, ban nemi a yanka lokaci ba. Roƙo na zo yi, a yanka yanzu, a kaina da kanka."

"A tsakiyar wasa? A wace makaranta aka koya maka haka?"

"Babu, Baba. Shi ya sa na ce roƙo."

Saje ya dube shi ya daɗe. "Bon. Na yarda, da sharaɗi. A juya allon. Ka riƙe baƙaƙena, in riƙe fararenka. Tunda kana gaggawa, ka taka mani abin da nake tunani."

"Malam, ka ji tsoron Allah!" Kaltuma ta ɗaga murya daga bayan zana. "Ramin da ya haƙa za ka jefa shi?"

Hamidu ya san wannan kusurwa sarai, shi ya gina ta, kuma bai bar mata ƙofa ba. Ya waiga. Zalika na tsaye a ƙofar cikin gida, ta rufe baki da gefen gyale. Ba ta girgiza kai ba, ba ta gyaɗa ba.

"Na yarda, Baba."

Agogon Saje ya tsaya tun zamanin Faransawa, ya kuma ce bai amince da na Hamidu ba. Ya sa aka kawo ƙaramin ƙoƙo, ya huda gindinsa da basilla. Kaltuma ta juye ruwan da ya rage a randa cikin tasa, tana kallon mijinta kallon da ya fi magana.

"Ga doka," in ji Saje. "Ana ɗora ƙoƙo a kan ruwa, mai taku ya taka. In ya nutse kafin ka taka, an ci ka. Jibrin, kai ne alƙali, tunda ba ka san komai ba."

Jibrin ya ɗora ƙoƙo. Ruwa ya fara tsattsafowa ta hudar. Abin da Saje ya yi watanni yana kaucewa, Hamidu ya taka shi kafin ƙoƙon ya kai rabi. Saje ya cinye masa wawa. Aka zazzage ƙoƙo, aka sake ɗorawa. Hamidu ya ja sarki baya, Saje ya bi shi da doki. Gumi ya jiƙa rigar Likita. Wata ungulu ta sauka a kan katanga, ta gyara zama.

Hamidu ya yi takunsa na ƙarshe, ya janye hannu. Ko Jibrin ya gane an zo ƙarshe, don ya ga Zalika ta jingina da bango ta rufe ido. Saura Saje ya tura sarauniya gida ɗaya, shi ke nan.

Jibrin ya ɗora ƙoƙo.

Saje ya miƙa hannu, ya tsayar da shi a saman sarauniya, bai taɓa ba.

"Yaro, ka san za ka faɗi. Me ya sa ka yarda?"

"Gara in rasa ta a gabanka, Baba, da in same ta a bayan idonka."

"Ngigmi akwai nisa?"

"Akwai nisa. Amma mota na zuwa. Da allo zan tafi, in za ka ba ni wani wasan."

"Saje, ruwa fa!" in ji Jibrin. "Ya kusa baki!"

"Kai alƙali ne ko mai shela? Ina tunani."

Ya juya ya dubi 'yarsa. Ta buɗe ido, ba ta roƙe shi da ko kalma ba, kamar yadda ba ta roƙe shi ba tun sanyi. Ƙoƙon ya karkata, ya yi ɗan ƙugi, ya tafi ƙasan tasa.



Saje ya mayar da hannunsa kan gwiwa. "Jama'a ku shaida. Ruwa ne ya ci ni. A kan allo ba a taɓa cin Manzo ba."

Kaltuma ta rangaɗa guɗa, sannan ta zo ta ɗauke tasar ta kai wa akuya, don murna ba ta hana lissafin ruwa.

An ɗaura aure kafin Sallah, da dabino kaɗan da addu'a mai yawa. Tata ta zo da kanta, ta ce ashe surukar ba katako ba ce. Ranar tafiya Saje ya jera 'ya'yan allo sabo, ya ce wa Hamidu, "Wannan karon duk Sallah taku ɗaya, kuma Zalika ce za ta riƙa kawo naka da bakinta."

Darasin ba mai wuya ba ne, ko da yake masu ilimi sukan manta shi. Alkawarin da ba a yanka wa lokaci ba, rabin alkawari ne. Wanda ya yi haƙuri ya ƙi hanyar ƙarya yakan samu abinsa da albarkar iyaye a kai. In kuma ka matse dattijo a kusurwa, ka bar masa ƙofar da zai fita da hularsa a ka.