Kiran Suna a Tafkin Kanya

A shekarar da Turawa ke ɗibar samari soja zuwa Bama, an yi shelar su, wato bikin kamun kifi, a kasuwar Rogo kamar kowace bazara. Ranar da aka sa, tun hantsi hanyar Tafkin Kanya ta cika. Mutanen Beli da na Jajaye, har da 'yan kallo daga Karaye, masu kamun kifi kowa da komarsa da gorarsa. Mata suka jera ƙwaryar fura a inuwa, makaɗa suka zauna a kan tudu.

Gwadabe, manomin gyaɗa kuma babba a gidansu, bai so zuwa ba. Bara ƙanensa Liti ya shiga wannan ruwa bai fito ba. An tsinci gorarsa tana yawo a cikin bado, gawar kuwa ba a same ta ba. Amma maigida ba ya fashin ranar su, saboda shi ke kira.

Al'adar tafkin ke nan. Idan la'asar ta yi sakaliya, Sarkin Ruwa ya tsayar da kiɗa, kowane maigida ya tsaya a gaɓa ya kira mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, su amsa su fito. Ta haka ake gane ba a bar kowa a ciki ba. Wanda ruwa ya ci kuwa, ba a sake ambaton sunansa a wurin.

An sha kifi ranar. Tarwaɗa da karfasa suka cika kwanduna, ana ta tsokanar wani ɗan Karaye da ya kamo kunkuru yana murna. Gwadabe bai shiga ba. Ya hango Kubura, matar marigayin, wadda ta koma gidan iyayenta a Beli bayan takaba. Ta zo da fura, amma ruwan take kallo, masu saye sai sun yi mata magana sau biyu. Suka gaisa daga nesa, ta durƙusa, kanta a sunkuye, yadda mace ke yi wa wan mijinta.

Da kiɗa ya tsaya, Gwadabe ya sauka gaɓa. Ya kira ƙanensa Daudu, Daudu ya amsa. Ya kira Sulle, ya kira Ɗantala. Tun rasuwar mahaifinsu yake wannan kira, kuma harshensa ya san sunan da ke biye.

"Liti."

Ya ji sunan ne bayan ya riga ya fita.

Daga tsakiyar tafkin, inda babu kowa, aka amsa a hankali: "Na'am."

Babu wanda ya yi ihu. Mata suka fara kife ƙwarya, maza suka naɗe koma ba tare da sun dubi juna ba. Sarkin Ruwa Halliru ya ja Gwadabe gefe, ya yi masa bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce abin da ya amsa ba Liti ba ne, amma tunda an kira shi ya amsa, shi ma zai yi kira. Idan Gwadabe ya tafi gida yanzu, zai bi shi har ƙofar zaure, kuma yara ba su san ƙin amsa kira ba. Sai dai ya zauna nan shi kaɗai har tauraro ya fito.

"Ko me ka ji, Malam Gwadabe, kada ka amsa. Wanda ya amsa ya zama na mutanen ruwa."

Jama'a suka watse. Gwadabe ya zauna a kan busasshiyar laka yana jan tasbaha. Rana ta yi ja a bayan kanyar da tafkin ya ci sunanta. Wurin duk ƙarnin kifi da warin lakar da aka tattake. Kwaɗi suka fara kuka, sauro na zagaya kunnensa.

Sai kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya.

Wani abu ya taho yana tsaga ruwa. Gora ce. Ya gane ta da ɗinkin da ke wuyanta, domin shi ya ɗinke ta da hannunsa. Bara ma shi ya fasa ta ya binne.

"Yaya."

Muryar Liti ce, har da 'yar dishewar da yake yi idan mura ta kama shi.

Gwadabe ya danne leɓɓansa.

"Yaya, an tashi ne? Ban ji kiɗa ba."

Gorar ta tsaya a bakin gaɓa. Ba a ganin komai a ƙarƙashinta sai baƙin ruwa. Wani sanyi ya taso, mai warin rijiyar da aka daɗe ba a ja ba.

"Ruwan da sanyi, Yaya. Na daɗe ina jira a kira ni."

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya dai ji laka ta shige tsakanin yatsun ƙafarsa, sannan ruwa ya kai masa gwiwa.

Muryar ta ƙanƙance, ta koma ta yaron da ya goya a bayansa shekarar da uwarsu ta rasu.

"Kai ka kira ni, na amsa. Ni ba za ka amsa mini ba?"

Bakinsa ya buɗe.

Wani hannu ya toshe shi daga baya, hannu mai ƙamshin gero da nono. Kubura ce. Ba ta bi jama'a ba, ta laɓe a bayan kanyar. Matar da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ita ce ta shaƙe shi da ƙarfinta duka, tana ja da baya. Ya yi ta fizga. Ya cije ta har jini ya cika masa baki. Ba ta saki ba.

Muryar ta juya.

"Kubura."

Hawayenta na sauka a ƙeyarsa. Ta cusa bakin mayafinta tsakanin haƙoranta ta cije.

"Kubura, ke ma?"

Suka faɗi tare a kan laka. Can sama, tauraro ɗaya ya bayyana. Kwaɗo guda ya yi kuka, saura suka bi. Gorar ta nutse ba ƙara.

Suka kama hanya har suka kusa Jajaye, garinsu Gwadabe. Ta ce, "Yaya, ba shi ba ne ko?"

Ya ce, "Haka Sarkin Ruwa ya ce."

An ci gaba da bikin su a Tafkin Kanya, amma Daudu ne ya karɓi kiran gidan. Kubura ta sake aure a Beli, tabon haƙora na nan a tafin hannunta. Gwadabe kuwa daga ranar bai ƙara amsa kira ba, ko a gona ko a kasuwa. Mai son magana da shi sai ya zo gabansa ya tsaya. Ya taɓa gaya wa Daudu cewa ba tsoro ke hana shi barci ba. Abin da ke damunsa shi ne, idan fa Litin ne.

Ya tsufa, ya kwanta ciwo. Wata rana da almuru, iyalinsa na zaune kewaye da shi ba mai magana, ya ɗaga kai kamar mai saurare, ya juya fuskarsa wajen tafkin.

Ya ce, "Na'am."