Robar Kimchi a Saman Hasumiya

Da tsakar rana aka kira Sufeto Tak Gyu-min saman hasumiyar Seoul, wai an sace robar kimchi. Ya hau yana tsaki. Duk laifin da ke garin nan, sai a kan kabeji mai yaji za a tayar masa da hankali?

Ya tarar da wata tsohuwa, Pyo Mal-sun, zaune dirshan a ƙasa. Motar masu yawon buɗe ido ce ta kawo ta daga garin Mokpo.

"Kaka, kimchi ne fa. Zan saya miki wani."

"Ba kimchi ba ne, ɗana. Mijina ne."

Ashe an ƙona gawar mijinta, tokar ce a ciki.

"A Arewa aka haife shi, can ƙetaren iyaka," in ji ta. "Yana ƙarami yaƙi ya koro su, har ya mutu bai sake taka can ba. Ya ce kafin a binne shi in hau da shi nan, in juya shi ya fuskanci gida."

"To me ya sa a robar abinci?"

"Wa zai yarda ya zauna mota ɗaya da tulun gawa? Na naɗe ta a ƙyalle shuɗi, na kama wuri da ita a kan benci, na zaga bayi."

Da gaskiyarta. A garin nan ko da waya ka kama wuri ba mai taɓawa.

Kyamarar tsaro ba ta tsinana komai ba, cincirindon masu ɗaukar hoto ya tare bencin. Tak ya kira jagorar tafiyar, wata budurwa mai suna Yeom Da-hye.

"Kin ga ƙullin?"

"Ban gani ba, yallaɓai. Ina can ƙasa wajen tikiti."

"Ko a mota ba ki gan shi ba?"

"Haba! Da na gani da na karɓe. Tsofaffin nan kullum sai sun ɓoyo kimchi, mota ta yi ta wari, ni kuma a yi mini faɗa."

Tak ya sauko farfajiyar waje, inda masoya ke rataya kwaɗo a jikin shinge. Iska na kaɗawa ba sauƙi. A kwandon robobi ya sami robar, an wanke ta fes, an ninke ƙyallen a kanta. Wane ɓarawo ne ke wanke abin da ya sata?

Ya koma ya ce tsofaffin su nuna masa hoton da suka ɗauka da safe. A hoton Da-hye na sanye da baƙar kwat. Yanzu farar riga ce kawai a jikinta, ga kuma sanyi.

"Ina kwat ɗinki?"

"Zafi nake ji."

"Shi ya sa haƙoranki ke haɗuwa? Buɗe jakarki."

Kwat ɗin na ciki, tun daga ƙirji har hannu ta yi fari da toka. Da-hye ta fashe da kuka.

"Na zata kimchi ne! Na sauko da ita farfajiya in juye a kwandon ragowar abinci. Ina cire murfi iska ta kwashe. Na sa hannu in tare, na kasa. Tsoro ne ya sa na wanke."

"Ko ɗan cikin cokali bai rage ba?"

Ta girgiza kai.

Wata 'yar sanda ta riƙe hannunta suka nufi ofis. Tak ya tsaya da kwat a hannu kamar wanda aka dasa. Ya kama mai laifi cikin sauri, amma wallahi bai taɓa jin aikinsa ba shi da amfani irin yau ba.

Ya durƙusa gaban tsohuwar ya faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi kwat ɗin ta rungume.

"Iskar, ina ta nufa da shi?"

Tak ya leƙa ta gilashi. Tutar da ke farfajiya ta miƙe sak ta kudu.

"Arewa, Kaka."

Ita ma ta dubi tutar, ta daɗe tana kallo.

"Ba ka iya ƙarya ba, ɗana. Kama ni in tashi, ka nuna mini tagar Arewa."

Ya kai ta. Ta ɗaga kwat ɗin da hannu biyu, ta manna ta a jikin gilashin.

"Tsoho, abin da ya rage ke nan. Duba da kyau."