Tunkiyar da Inna Ta Bari

"Wallahi ba wanda zai taɓa ta!"

Fiddausi ta tare ƙofar garken da hannayenta biyu. A bayanta tsohuwar tunkiya ce kwance, cikinta naɗe da bandeji. A gabanta kuwa Yaya Mubarak ne, ɗan baffanta, riƙe da wuƙa.

"Matsa, Fiddausi. In ta mutu da kanta ta zama mushe, an yi asarar nama."

"Ba nama ba ce! Ta Inna ce!"

Baffa Audu, ƙanin mahaifinta da ke riƙonta, ya tausasa murya. "'Yata, haka muka taso muka gani. Dabba in ta kwanta, gatan da za a yi mata shi ne yanka."

Shekara uku ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyarta, kuma tunkiyar nan, Kyauta, ita ce abin da ta bar wa Fiddausi. Gidansu na Tudun Wada cike yake da mutane, amma in abu ya dame ta, garke take zuwa. Da Kyauta ta ci ledar da ke yawo a layi har cikinta ya kumbura, Zakariyya'u likitan dabbobi ne ya yi mata aiki, ya fitar da leda cikin bokiti guda. Zuwa duba ciwo ya zama hira, hira ta zama so, har Baffa ya ba shi izinin turo manyansa. Sai dai ciwon ya ƙi warkewa.

Ana cikin haka Zakariyya'u ya yi sallama, da jakarsa a hannu.

Mubarak, wanda ya daɗe da neman Fiddausi ta ƙi shi, ya yi murmushi. "Baba, ka san aikinsu a asibiti? Allura suke yi wa dabba ta mutu, kamar kare. Su mai da halal haram. Shi za ka ba 'ya?"

"Gaskiya ne, Likita?" in ji Baffa.

"Ana yi, Baba, in dabba ta ƙi ci ta ƙi warkewa. Amma wannan ko an yanka ta ba ta ciyuwa. Sati uku ina ɗura mata magani. Wanda ya ci zai iya cutuwa."

Fiddausi ta sauke numfashi. "Kun ji ko? Likita, yi mata allurarta ta yau."

Bai buɗe jakar ba.

"Likita?"

"Ba za ta tashi ba, Fiddausi. Yau sati biyu da na sani. Kullum in na zo zan faɗa miki, sai in ga idonki in kasa... Ke nake lallashi, ita kuma tana shan azaba."

"Kai ma?" Ta ja da baya. "Kai ma!"

"Sanyin idona, ki saurare ni..."

"Tafi. Don Allah tafi."

Baffa ya nuna shi da sanda. "Ka ji da kyau. Ranar da ka kashe min dabba da allura a gidan nan, ka ce wa manyanka su sha zamansu."

Washegari Asabar ce, ranar da soja za su miƙa mulki ga farar hula. Tun da hantsi gidan ya koma gaban talabijin, har maƙwabta. Ana ta shewa, ana gardamar ko wannan karon abin zai ɗore.

Ba wanda ya lura babu Fiddausi.

Tana garke. Ta kawo dusa, Kyauta ba ta ko shinshina ba. Ta jiƙa tsumma ta ɗiga mata ruwa, ruwan ya biyo gefen baki ya zube. Sai ta ji wani sauti da ta daɗe tana ji tana kau da kai: ƙiris... ƙiris... tunkiyar na niƙa haƙoranta saboda ciwo.

"Kyauta, ni ce na riƙe ki ko?" ta ce a hankali. "Tsoro nake ji. In kin tafi, shi ke nan ba sauran abin da Inna ta taɓa da hannunta..."

Ta miƙe. Sannan ta ɗauki mayafinta.

Tituna fayau, da ƙyar ta sami bas. A asibitin dabbobi ta tarar da Zakariyya'u shi kaɗai a kan benci, ya zuba tagumi.

"Yau ai ba aiki," ta ce.

"Ban san inda zan je ba."

"Za ta ji zafi?"

Ya miƙe. "A'a. Barci za ta yi."

"Amma Baffa ya rantse. In ka yi, na rasa ka. In ba ka yi ba..." Ta fashe da kuka.

"Share hawayenki, Fiddausina. Mu je wurinsa."

A tsakar gida ya durƙusa gaban Baffa.

"Baba, ba zan kashe ta da allura ba. Allurar barci zan yi mata, ta daina jin komai. Sai kai ka yanka ta da sunan Allah, kamar yadda aka saba. Amma ba za a ci ba. Mu binne ta."

"A yanka a binne?" in ji Mubarak. "Wannan ai ɓarna ce!"

"To, sai a dafa maka kai kaɗai," in ji Baffa. Ya juya ga Fiddausi. "Gadonki ce. Kin yarda?"

"Na yarda, Baffa."

Ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Kyauta a cinyarta. Zakariyya'u ya lalubi jijiyar wuya ya tura allurar sannu a hankali. Niƙar haƙoran ta ragu... ta tsaya. Jikin da ya yi sati uku a ɗaure ya saki. Fiddausi ta shafa goshinta sau uku, ta zare cinyarta, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Daga can ta ji Baffa ya yi bisimilla ya yi kabbara. Ba ta ji kukan tunkiya ba.

Da la'asar ta fito. An riga an mai da ƙasa a kusurwar garken. Zakariyya'u ne ya haƙa ramin, rigarsa duk jar ƙasa. Baffa na wanke hannu da buta.

"Likita, jiya ka san maganarka za ta iya raba ka da yarinyar nan, amma ka faɗa." Ya ajiye butar. "Manyanka su zo Juma'a, bayan masallaci."

Da Baffa ya wuce, ta tsaya nesa kaɗan, idonta a ƙasa.

"Sati biyu ka ɓoye min."

"Na yi kuskure."

"Kar ka ƙara. Ko da zan kore ka."

"Ko da za ki kore ni."

"To... ka gaida gida."

Ta raka shi da ido har ya fita zaure. Sannan ta ɗauki tsintsiya ta shiga garken ita kaɗai, ta share shi tas, tana kuka ba mai hana ta.